Takardar Asalin Ummi

Na gaji da jin wannan maganar a bakinku, cewa Babanku ne ya hana Ummi zama likita. Da can da zafi kuke faɗarta, yanzu kuma a sanyaye, kamar abin da kowa ya sani babu musu a cikinsa. Har jikokina sun ɗauka. Da ƙaramar sallar da ta wuce na ji ɗaya daga cikinsu tana gaya wa 'yar'uwarta a tsakar gida cewa kakansu mutum ne mai taurin kai, wai ya je har jami'a ya tona asirin 'yarsa. Yarinyar da ko ganinsa ba ta taɓa yi ba. Shi ya sa na ɗauki biro. Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da 'ya'yan mutane a firamare, ina tsawata musu idan sun yi ƙarya, ga shi ni na zauna a kan tawa ƙaryar har kaina ya yi fari. Ku karanta har ƙarshe kafin wani ya kira ni a waya.

Babanku a Wudil aka haife shi, a unguwar da ke bayan kara, kasuwar shanu. Mahaifinsa ne ya zo daga ƙasar Damagaram yana saurayi, da ƙafa, yana kora wa wani attajiri shanu. Ya ga kogi, ya ga kasuwa, ya zauna. Sau ɗaya ya koma, ya auro Hadiza kakarku, bai sake waiwayar can ba, kuma su biyun duk a maƙabartar garin nan suke kwance. Babanku ya gaji dillancin shanu, ya kuma gaji laƙabin da 'yan kara suka liƙa wa uban, ana ce masa Isuhu Badamagare. Ba zagi ba ne. Idan baƙo ya sauka ranar Juma'a yana neman dillalin da ba zai cuce shi ba, sunan da ake ba shi ke nan. Yana da katin zaɓe, yana biyan haraji, da shi aka ɗebi ƙasar ginin masallacin unguwa. Ni kuwa 'yar Indabo ce gaba da baya, gonakin kakannina suna nan har gobe. Ranar da ya zo neman aurena babu wanda ya ce ya kawo takarda.

Ummi ita ce ta uku a cikinku, kuma sunan mahaifiyarsa ya sa mata, shi ya sa har ya koma ga Allah bai taɓa buɗe baki ya ce Hadiza ba. A takardun makaranta ita ce Hadiza Yusuf, a gida Ummi. Ba zan tsaya ba ku labarin ƙoƙarinta ba, kun gani da idonku. Abin da ba ku lura da shi ba, saboda kuna yara, shi ne yadda ba ta ƙyamar abin da sauran mutane ke kawar da kai a kansa. Lokacin da ƙahon sa ya tsaga wa Babanku damtse, ita ce take wanke ciwon safe da yamma, tana 'yar aji biyu a sakandare, hannunta ko rawa ba ya yi. Da ta rubuta jarrabawar shiga jami'a, makinta ya wuce abin da ake nema a karatun likita da rata mai kyau. Malamanta har gida suka zo yi mana murna. Muka ɗauka an gama, saura ɗinkin kaya.

Sai aka ce a kawo takardar shaidar cewa ita 'yar asalin jiha ce. Babanku ya sa babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya riƙe hotunanta guda biyu a ambulan, ya tafi ofishin da ake bayarwa. Kafin azahar ya dawo. Ya zauna a kan tabarma bai cire takalmi ba, ambulan ɗin yana hannunsa. Na kawo ruwa, na durƙusa, na jira.

"Malama," in ji shi, "yaron da ke kan teburin, ni na sayar wa ubansa san da aka yanka ranar sunansa. Ya gaishe ni har ƙasa. Sannan ya ce, Baba, ai kai kowa ya san ku Damagarawa ne, ba zan iya ba."

"Ba ka ce masa a nan aka haife ka ba?"

"Na faɗa. Ya ce ba haihuwa ake tambaya ba, asali ake tambaya."

Suka ba shi wata takarda da ke cewa shi mazauni ne, ba ɗan asali ba. Mutumin da ya haura hamsin a garin da aka yanke masa cibiya. Da wannan takardar muka tafi Kano, mu uku, zuwa jami'ar da Ummi ta nema. Wani ma'aikaci a ofishin ɗaukar ɗalibai, mutumin kirki, ba zan yi masa ƙage ba, ya zaunar da mu ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce kujerun karatun likita kaɗan ne, kuma an kasa su kashi-kashi. Akwai na waɗanda suka fi kowa maki a duk ƙasa, ko daga ina suke. Akwai na 'yan asalin jiha, shi ne kaso mai tsoka. Akwai na jihohin maƙwabta. Sai 'yan kujeru da ake ajiye wa 'yan ƙasashen waje. Ya ce a kason farko Ummi ta tsaya a bakin ƙofa, kaɗan ya rage, amma a kason 'yan jiha da tana cikin na sama-sama. Ya juya takardar Babanku gaba da baya, ya tambaya ko akwai wata jihar da za ta iya ba mu shaida. Muka ce babu. Ya ce to ko tana da fasfo na Nijar, a gwada ta a kason baƙi. Muka ce ko bakin iyaka ba ta taɓa gani ba. Mutumin ya ce gaskiya bai san a wane layi zai rubuta ta ba. Da jerin sunaye ya fito, yarinyar da Ummi take koya wa lissafi a zauren gidanmu ta samu. Ummi ba ta samu ba. Ta je ta yi wa yarinyar murna, ta dawo ta shiga ɗaki, kwana biyu ba ta ci abin kirki ba.

Abin da ba ku sani ba na farko ke nan: tafiyar da Babanku ya yi bayan girbi, wadda muka ce muku sayen shanu ya je, ba shanu ya je saye ba. Damagaram ya tafi neman ƙauyen ubansa, ko za a ba shi takardar da za a sa Ummi a layin baƙi. Ya ce idan nan sun ce shi na can ne, to bari ya je can ya karɓi nasa. Kwana tara ya yi. Ya sami ƙauyen, ya sami wani tsoho guda ɗaya da ya ce kamar ya taɓa jin sunan mahaifinsa. Aka ba shi fura, aka shimfiɗa masa tabarma, aka girmama shi yadda ake girmama baƙo. Da ya je wurin hukuma suka yi masa magana da Faransanci, aka nemo mai fassara, suka duba katinsa suka ce ai kai ɗan Najeriya ne, me za mu rubuta maka? Ya dawo ya rame, da tari a ƙirjinsa. Ya ce mini yaran ƙauyen suna binsa a baya suna cewa ga Bakano, ga Bakano. Yana faɗa yana dariya, amma ni na san dariyarsa ta gaske, wannan ba ita ba ce.

Ummi ta sake zama jarrabawar a shekara mai zuwa, makinta ya ma ɗara na bara. A nan ne yayana Tasi'u, Kawunku na Indabo, ya shigo cikin maganar. Ya zo gidan nan wata Juma'a bayan an taso daga kasuwa, ya ci tuwo, ya wanke hannu, ya ce shi bai ga abin wahala ba. A rubuta cewa Ummi 'yarsa ce, Isuhu riƙonta kawai ya yi, shi ya sa sunansa ya hau takardun makarantarta. A je kotu a yi rantsuwa, shi zai tsaya a sa hannu duk inda ake sa hannu. Ya ce rabin waɗanda ke karatu haka suka yi. Ni kam zuciyata ta yi fari tun bai rufe baki ba. Babanku ya saurare shi har ya gama, ya yi masa godiya mai yawa, sannan ya ce a'a.

"Yaya Tasi'u, Allah ya saka da alheri. Amma addini bai yarda a jingina ɗa ga wanda ba ubansa ba. Kuma ni ba ni da gona, ba ni da gari, ga shi an ce ba ni da jiha. Sunan nan shi kaɗai na ba ta. A bar mini shi."

Bayan Kawunku ya tafi na yi masa magana irin wadda ban taɓa yi masa ba tun da aka kawo ni gidansa. Na ce girman kansa ya fi masa rayuwar 'yarsa. Na ce wane suna, sunan da ko takarda ɗaya bai iya samo mata ba? Wallahi haka na ce masa. Ya dube ni, bai ɗaga murya ba, ya ce ga jami'a nan a bakin ƙofarmu a Wudil, ta shiga ta karanci kimiyya, ko ta sake gwada kason masu maki, Allah ba ya barci. Ya ɗauki butarsa ya fita masallaci. A ganinsa an rufe magana.

Ni ban rufe ba. Mako biyu bayan haka na ce masa za mu je Indabo duba wata goggota da ba ta da lafiya. Na ɗauki Ummi, muka haɗu da Kawunku, muka tafi kotu. Ni na tsaya, ni na ɗaga hannu, ni na rantse cewa yarinyar da na yi naƙudarta kwana biyu 'yar yayana ce, mijina mariƙinta ne kawai. Ummi tana tsaye a gefe, ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan hijabinta. A hanyar dawowa ta ce, "Mama, Baba fa?" Na ce Baba ba zai taɓa sani ba, tunda sunanta a takardun jarrabawa ba zai canza ba, takardar asali ce kawai za ta shiga fayil ta kwanta. Na ce idan ta zama likita shi zai fi kowa jin daɗi. Shekarunta goma sha takwas, uwarta ce take gaya mata, kuma malama. Me za ta ce?

Sunanta ya fito. Kun tuna ranar, kun tuna ragon da ya yanka, kun tuna yadda ya zagaya kara yana nuna wa dillalai takardar, har waɗanda ba su iya karatun boko ba sai da suka riƙe ta. Da ya dawo gida ya same ni a bakin murhu, ya tsuguna kusa da ni, abin da ba ya yi, ya ɗora yatsa a kan rubutun.

"Kin gani, Malama? Ga Yusuf nan. Da sunana ta shiga. Ban ce miki a yi haƙuri ba?"

Na ce alhamdu lillahi. Na ci gaba da tuƙa tuwo. Naman ragon nan ban iya haɗiye ko tsoka ɗaya ba, na ce muku haƙori ke damuna.

Wata biyar ta yi a makarantar. Idan ta zo hutun ƙarshen mako takan zo da farar rigarta ta wanke ta shanya a igiya, shi kuma ya hana kowa ratsawa ta wajen kada a shafa mata datti. Sai rana ɗaya aka kawo wasiƙa gida, da sunansa a bayan ambulan, ina makaranta a lokacin. An rubuta ƙorafi a kan takardar asalin Ummi, kwamitin bincike yana neman ita, da wadda ta yi rantsuwar, da mariƙinta, da wanda aka ce shi ne ubanta. A shekarar Kawunku yana neman kujerar kansila, kuma ina kyautata zaton abokan hamayyarsa ne suka rubuta don su ɓata shi, amma ban ga hannun kowa ba, ba zan kama suna ba. Babanku ba ya karanta Turanci. Wani malamin jami'ar garin nan da suke sahu ɗaya a masallaci ya kai wa, shi ya karanta masa, kalma bayan kalma, har wurin da aka kira shi mariƙi. A bakin baƙo ya ji.

Na dawo na tarar da shi a zaure, wasiƙar tana kan gwiwarsa. Na shirya wa saki. Wallahi da ya sake ni a ranar da ban ga laifinsa ba. Tambaya ɗaya ya yi mini.

"Ummi ta sani?"

Na ce ta sani, amma ni na tilasta ta. Ya gyaɗa kai. Ya ce in goge masa babbar riga, ranar Talata za mu tafi. Daga wannan bai sake ce mini komai ba har ranar. Na aika wa Kawunku sau uku, ya ce kada in damu, zai same mu a can.

Ranar Talata muka isa da hantsi. Ummi tana jiranmu a barandar ofishin, ta kasa haɗa ido da shi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa, ya ce ta zauna. An riga an ji ta bakinta tun jiya, don haka aka ce ta jira a waje, mu biyu aka shigar da mu, aka rufe ƙofa. Ku lura da wannan, domin a nan duk maganarku ta karkace: Ummi ba ta cikin ɗakin. Ta ga shigarsa, ta ga fitowarsa, abin da ke tsakani ba ta ji ba. Kawunku kuwa ko inuwarsa. Mutum huɗu ne a bayan tebur, maza uku da mace ɗaya. Shugabansu dattijo ne mai farin gilashi, Bahaushe, ya yi mana magana da Hausa cikin ladabi. Ya tambayi Babanku sunansa da sana'arsa, sannan ya ce, "Malam Yusuf, mene ne tsakaninka da Hadiza?"

Na rufe ido. Na san mijina. Shekara ashirin da wani abu ban taɓa jin ya ƙara wa sa ko wata ɗaya a shekarunsa don ya sayu ba. Na san zai ce 'yata ce, a gama. Na ji ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Riƙonta na yi," in ji shi. "'Yar yayan matata ce. Tun tana ƙarama aka ba mu ita. Ba ni na haife ta ba."

Na buɗe ido na dube shi. Fuskarsa tana kallon tebur, hannayensa biyu a kan gwiwa. Dattijon ya sake tambaya ko ya tabbata. Ya ce ya tabbata. Sai dattijon ya cire gilashinsa, ya jawo wata takarda daga cikin fayil, ya ce zai karanta mana, ya fassara. Wasiƙa ce daga Kawunku Tasi'u, da sa hannunsa, ta iso tun kwana uku da suka wuce. Ya rubuta cewa Hadiza ba 'yarsa ba ce, 'yar ƙanwarsa ce da wani mutumin Nijar, kuma shi bai san an yi amfani da sunansa ba, ƙanwar ce ta kawo masa takardu ta ce na makaranta ne ya sa hannu bai karanta ba. Wani mutumin Nijar. Haka ya kira surukinsa da ya ci tuwonsa shekara da shekaru.

Babanku bai ɗago kai ba. Ya faɗi maganar da ta fi masa mutuwa ciwo, a gaban baƙi, kuma tun kafin ya faɗe ta amsar tana kwance a cikin fayil. Dattijon ya ce, a hankali, "Baba, na san abin da ya sa ka faɗi haka. Ba za mu rubuta shi ba." Matar da ke cikinsu ta ce Hadiza tana cikin waɗanda suka fi kowa ƙoƙari a ajinsu, ta tambaya ko babu wata hanya, ko a mayar da ita wani kason. Wani daga cikinsu ya ce kujerar ta 'yan jiha ce, an same ta da takardar ƙarya, idan aka bar wannan gobe me za a ce wa na gaba? Na buɗe baki in yi magana, in ce to a wane layi kuke so ta shiga, ku nuna mana layinta mu bi, amma wanda ya rantse a kan ƙarya ba shi da bakin tambaya. Suka ce ƙa'ida ita ce a miƙa maganar rantsuwar ga hukuma, kuma ni ma'aikaciyar gwamnati ce, aikina zai tafi. Nan ne Babanku ya ɗago. Ya ce shi ya sa ni, mace ba ta zuwa kotu sai da izinin mijinta, idan akwai hukunci a ɗora masa. Ƙarya ta biyu ke nan a cikin awa ɗaya, ita kuma domina. Suka dubi juna. Dattijon ya ce za su tsaya a kan janye gurbin karatun, sauran su bar wa Allah.

Muka fito. Ummi ta miƙe, ta dubi fuskarsa, ta dubi tawa, ta gane. Aka ce ta je ta kwaso kayanta daga ɗakin kwanan ɗalibai. Mu biyu muka zauna a gindin wata bishiyar darbejiya muna jiranta, rana tana tsaka, ɗalibai suna wucewa da fararen riguna a kafaɗa. Na fara kuka, na ce ya yafe mini, na ce zan gaya wa Ummi duk abin da ya faru, da abin da Tasi'u ya rubuta.

"Ba za ki gaya mata ba," in ji shi.

Na ce za ta ɗauka shi ya tona.

"Ta ɗauka. Gara ta ce ubanta ya faɗi gaskiya ya cuce ta, da ta ji cewa ubanta ya zauna a gaban mutane ya ce ba shi ya haife ta ba. Wannan ba na so ya shiga kunnenta. Kuma ki duba, Malama, ni ba ni da kowa a ƙasar nan. Idan na mutu, yaran nan ba su da dangi sai naki. Idan suka tsani Tasi'u, wa zai ba da auren matan? Wa zai tsaya wa mazan? Ki bar su da kawunsu."

Ya sa na yi masa alkawari. Na yi, kuma ba zan ɓoye muku ba, da sauri na yi, domin alkawarin ya rufa mini asiri fiye da yadda ya rufa wa kowa. Kafin mako ya zagayo, Kawunku ya riga ya baza a Indabo cewa shi ya yi iya ƙoƙarinsa, Isuhu ne ya je ya fasa ƙwai saboda baƙin ciki da taurin kai. Maganar ta iso Wudil, ta shiga kara, ta shigo gidan nan. Babanku yana ji bai taɓa musantawa ba. Kawunku bai ci kujerar kansilan ba, amma ya ci gaba da zuwa gidan nan da salla, Babanku yana shimfiɗa masa darduma. Shi ya ba da auren Ummi. Shi kuke kai wa buhun shinkafa duk azumi, ina kallonku, ina taya ku ɗorawa a mota.

Ummi ta shiga jami'ar garin nan ta karanci ilimin halittu, ta fita da sakamako mai kyau, yau tana ɗakin gwaje-gwajen asibiti tana duba jinin mutane, tana miƙa wa likitoci sakamako, wasunsu 'yan ajinta na wata biyar ɗin nan. 'Ya'yanta suna da takardar asali, ta wajen ubansu, a wuni ɗaya aka ba su. Ban ce rayuwarta ta lalace ba. Amma daga ranar Talatar nan ba ta sake zama kusa da Babanku ba. Tana gaishe shi safe da yamma, a durƙushe, cikin ladabi, ba ta taɓa yi masa rashin kunya ba, iyakarta ke nan. Idan ya ce, "Ummina, zo ki ji," sai ta ce, "To, Baba," ta tsaya daga bakin ƙofa. Shekara shida haka. Yakan bi bayanta da kallo idan ta fita, sannan ya dube ni, ni kuma in sami abin yi a madafi. Sau biyu na ce masa bari in faɗa. Sau biyun ya ce alkawari na yi. Da na so da na karya, na karya abin da ya fi wannan. Tsoron idonki ne ya hana ni, Ummi, ba alkawari ba.

Ciwon ƙirjinsa ya kwantar da shi da damina, kwana goma sha ɗaya ya yi a asibiti. Kin yi jinyarsa, ban hana miki wannan ba, ke kike juya shi, ke kike ba shi magani a kan lokaci, komai daidai, kamar yadda za ki yi wa kowane mara lafiya. Ranar sadakar uku, tsakar gidan nan cike da mata, wata ƙawata ta ce miki a riƙa yafe wa mamaci. Kika share hawaye kika ce, da murya kowa yana ji, "Na yafe wa Baba abin da ya yi mini, duniya da lahira." Mata suka yi ta sa miki albarka, suna cewa 'yar halak. Ina zaune kusa da ke, gwiwata tana taɓa taki, carbi a hannuna, na ce amin tare da su.

Ba shi da abin da za ki yafe masa. Wannan yafiyar ba tasa ba ce, kin kai ta inda ba a bukatarta. Idan akwai saura a zuciyarki bayan kin karanta wannan, ina nan a ɗakina, ƙafata ba ta kai ni ko'ina yanzu. Idan kuma babu, ba zan aika a kira ki ba.